Ɗan Kiri a Babbar Kasuwar Intanet



Gabatarwa

Batun da aka nemi in yi jawabi a kansa yau shi ne matsayin ƙaramin ɗan kasuwa mai zaman kansa, watau ɗan kiri, idan ya ɗauki hajarsa ya kai ta ɗaya daga cikin manyan kasuwannin nan na intanet. Mai yiwuwa ne wani ya tambaya, ina ruwan malamin Hausa da wannan magana, ai ta masana tattalin arziki ce? To, Bahaushe ya daɗe da sanin kasuwa, har ma harshensa ya tanadi suna ga kowane mai sana'a da ke cikinta. Akwai sarkin kasuwa mai raba rumfuna da karɓar kuɗinsu, akwai mai gida wanda fatake ke sauka wurinsa, akwai dillali mai haɗa ciniki ya ci la'ada, akwai ɗan dako, akwai mai shela, sa'an nan in rigima ta tashi akwai alƙali. Da waɗannan sunaye zan auna sabuwar kasuwar.

Abin da nake so in nuna guda ɗaya ne. A kasuwarmu ta gargajiya waɗannan ayyuka a rarrabe suke a hannun mutane dabam-dabam, amma a kasuwar intanet kamfani ɗaya ya tattara su duka, ya kuma ƙara da cewa shi ma yana da tasa hajar da yake sayarwa. Daga wannan tattarawa amfanin da ɗan kiri ke samu ya fito, daga gare ta kuma haɗarin da yake ciki ya fito. Zan kafa misali da kamfanin Amazon na Amurka, domin shi ne wanda kotuna da hukumomi suka fi tone al'amuransa har aka san abin da ke ciki. Daga ƙarshe zan waiwayo gida.

Yadda kasuwar ta kafu

Jeff Bezos ya kafa Amazon a 1994, kuma a 1995 kamfanin ya fara ciniki a matsayin kantin littattafai: ya saro, ya sayar, ya aika wa mai saye har gida. A 1999 ya gwada buɗe wa 'yan kasuwa na waje filin gwanjo da wasu 'yan rumfuna a gefe, amma masu saye ba su leƙa can sosai ba. A watan Nuwamba na 2000 sai ya sake dabara. Maimakon a ware baƙin 'yan kasuwa a wani lungu, sai aka ce kowace haja tana da shafi guda, kuma duk mai sayar da ita, ko Amazon ne ko ɗan kiri, a kan wannan shafi zai sa farashinsa. Ta haka mutumin da ke ɗaure kaya a tsakar ɗakinsa ya sami kansa a layi ɗaya da mai kasuwar.

Dabarar ta ci. A wasiƙar da Bezos ya rubuta wa masu hannun jari a 2019, ya bayyana cewa a 1999 kashi 3 cikin 100 kawai na kuɗin kayan da aka sayar a shafin ya fito daga 'yan kasuwa na waje, amma a 2018 ya kai kashi 58. Rahotannin kamfanin na 2023 da 2024 kuma sun nuna wajen kashi 60 cikin 100 na yawan kayan da aka saya daga hannun waɗannan mutane ya fito. Watau ke nan mafi yawan abin da ake saya a Amazon ba hajar Amazon ba ce.

Abin da ɗan kiri ke samu

Kada mu yi gaggawar zargi tun ba mu ga abin da ya jawo dubban mutane cikin kasuwar ba. Na farko shi ne jama'a. Mai kanti a unguwa yana jiran wanda ya biyo ta ƙofarsa, amma mai rumfa a babbar kasuwar intanet yana samun miliyoyin mutane waɗanda sun riga sun zo da niyyar saye, da kuɗinsu a hannu.

Na biyu shi ne amana, kuma ya fi na farko muhimmanci. Hausawa kan ce ba a cinikin biri a sama. To, cinikin intanet duka irin wannan ne, domin mai saye bai taɓa kayan ba, bai ga mai su ba, kuma ana so ya biya tukuna. Wannan matsala tsohuwa ce. Wani masanin zamantakewa mai suna Abner Cohen ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafinsa a 1969, inda ya nuna yadda Hausawa suka warware ta a cinikin shanu da goro. Falke yakan zo da shanu daga Arewa bai san mahautan garin ba, su kuwa ba sa saye sai bashi. Sai ya sauka wurin mai gida, wanda zai ba shi masauki, ya sa dillalansa su haɗa ciniki, ya kuma tsaya masa cewa kuɗinsa za su fito. Ba mahauci falke ya yarda da shi ba, da mai gida ya yarda. Haka nan mai saye a Amazon bai san ɗan kirin da ya sayar masa ba, sau da yawa ko sunansa bai duba ba. Ya dai san cewa in kayan ba su zo ba, ko sun zo a lalace, kamfanin zai mayar masa da kuɗinsa.

Na uku shi ne dako. Tun 2006 kamfanin ya buɗe wani tsari wanda ɗan kiri zai aika kayansa sitonsu, su ajiye, su ɗaure, su kai wa mai saye, su kuma karɓi abin da aka mayar. Kayan da ke cikin wannan tsari suna samun tambarin Prime, watau alkawarin kaiwa da sauri ga waɗanda ke biyan kuɗin zama 'yan ƙungiyar. Mutum ɗaya ba shi da mota ba shi da yaro, sai ga shi yana kai kaya kowane gari cikin kwana biyu.

Abin da yake biya

Yanzu sai mu zo ga lissafi. A kasuwar Amazon ta Amurka, mai sayarwa da yawa yana biyan dala 39.99 a wata, wannan shi ne kuɗin rumfa. Sa'an nan akwai la'ada a kan kowane ciniki, wadda ta bambanta bisa ga irin kaya, amma ga mafi yawansu kashi 15 cikin 100 ce. Bayan wannan akwai kuɗin sito da na ɗauri da na kaiwa, gwargwadon girma da nauyi, kuma in kaya sun daɗe ba su fita ba kuɗin ajiyarsu yana ƙaruwa. Na huɗu shi ne kuɗin talla, wanda ya kamata mu tsaya a kansa kaɗan.

Idan mai saye ya rubuta sunan abin da yake nema, kwamfuta ce ke jera masa kayan, kuma mafi yawan mutane ba sa wuce shafin farko. Saman wannan shafi kuwa na sayarwa ne, ana gwanjonsa, wanda ya fi tayi shi ake sa wa a gaba. A ƙa'ida talla ganin dama ce, ba a tilasta wa kowa. Amma a aikace, sabon ɗan kiri wanda ba shi da shaidar masu saye ko ɗaya, in bai biya ba yana can shafi na goma inda babu mai zuwa. Kamar a ba mutum rumfa ne a ƙarshen kasuwa, sa'an nan a ce in yana so a nuna wa jama'a hanyarta sai ya biya kullum. A 2024 Amazon ya sami fiye da dala biliyan 56 daga talla, ban da wajen dala biliyan 156 da ya samu daga la'ada da sauran ayyukan da yake yi wa 'yan kasuwa na waje.

Wani kamfanin bincike mai suna Marketplace Pulse ya ƙiyasta a 2023 cewa in an haɗa la'ada da dako da talla, abin da ɗan kasuwa ke bar wa Amazon ya kai rabin kuɗin cinikinsa. Bari in kawo misali na ƙirƙira domin a ga yadda abin ke tafiya. A ce mutum yana sayar da wani abu dala 20. La'ada ta ɗauki 3, sito da kaiwa sun ɗauki 5, talla ta ɗauki 2, saura 10. In ya saro shi dala 7 har da kuɗin jirgi, ribarsa 3 ke nan. To, ranar da mai saye ya mayar da guda ɗaya a fashe, ya yi asarar uwar kuɗi da dako da talla, watau dala 14, ribar kusan guda biyar ta tafi. Daɗin daɗawa ba a biyansa nan take, sai bayan kowane mako biyu, har ma akan riƙe wani abu saboda tsaron kayan da za a iya mayarwa. Wanda bai yi wannan lissafi tun farko ba, sai ya ga ciniki yana ta tafiya aljihu kuwa babu kome, ya zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Akwatin saye

Na ce kowace haja shafinta guda. To, in mutum ashirin suna sayar da irin agogo ɗaya, wa zai sami cinikin? A gefen shafin akwai wani ɗan akwati mai maɓallin saye, kuma mutum ɗaya ne kawai ke cikinsa a lokaci guda. Mafi yawan masu saye wannan maɓalli suke dannawa, ba sa neman jerin sauran. Kwamfuta ce ke zaɓen wanda zai shiga akwatin, tana duba farashi da saurin kaiwa da tarihin mai sayarwa, amma ba a bayyana wa kowa cikakken yadda take aunawa ba. Saboda haka 'yan kasuwa da yawa suna amfani da wasu manhajoji masu rage farashi da kansu dare da rana, wannan ya rage kwabo, wancan ya rage biyu, har riba ta ƙare.

A nan ne bambanci ya fito tsakanin mai sari da mai sana'a. Wanda ke saro kayan da kowa ke iya sarowa, kullum cikin kokawar akwatin yake. Wanda kuwa ke yin nasa kayan da nasa tambari, kamar baduku ko maɗinki, shafinsa nasa ne shi kaɗai, sai dai ya yi fama da talla da masu kwaikwayo.

Mai kasuwa da tasa haja

Dillali ya san sirrin kowa. Ya san abin da ke fita, da farashin da yake fita, da lokacin da yake fita. In dillali ya buɗe tasa rumfa kusa da ta wanda ya ba shi amana, kowa ya san inda za a kwana. Wannan shi ne ƙorafin da ya fi kowane girma a kan Amazon, domin yana sari yana sayarwa, kuma yana da kayan da ke ɗauke da nasa tambari. A watan Afrilu na 2020 jaridar Wall Street Journal ta ba da labarin cewa wasu ma'aikatan kamfanin sun duba bayanan cinikin 'yan kasuwa na waje domin tsara irin waɗannan kaya. Da Bezos ya bayyana gaban wani kwamitin majalisar dokokin Amurka a watan Yuli na shekarar, ya ce kamfanin yana da dokar da ta hana yin haka, amma ba zai iya ba da tabbacin ba a taɓa karya ta ba.

Wani abu kuma da ba a cika lura da shi ba shi ne, mai saye ba na ɗan kiri ba ne. Jarin mai kanti na gaskiya su ne abokan cinikinsa, waɗanda suka san fuskarsa, suke dawowa, suke turo 'yan'uwansu. A Amazon an hana ɗan kiri ya jawo mai saye zuwa nasa shafin, kuma in zai yi masa magana sai ta hanyar saƙon kamfanin, inda aka ɓoye adireshin kowa. Mutum na iya shekara goma yana ciniki, ranar da ya fita ba zai tafi da mai saye ko ɗaya ba, kuma taurarin yabon da ya tara a can zai bar su. Gaskiyar masu iya magana, zanen aro ba ya rufe katara.

Ranar rufe rumfa

Kamfanin shi ne kuma alƙali. Yana so ciniki mai matsala, kamar ƙorafi ko neman mayar da kuɗi, ya kasance ƙasa da ɗaya cikin ɗari. Wanda ya haura, ko aka zarge shi da sayar da jabu, ko da sayen shaidar ƙarya, ana iya rufe rumfarsa, a kuma riƙe kuɗinsa har kwana 90. Lalle akwai dalili, domin kasuwar da ba ta hukunta maha'inta amanarta za ta rushe, kuma masu gaskiya ne za su fara shan wahala. A 2021 Amazon ya tabbatar da cewa ya kori tambura wajen 600 na 'yan kasuwar ƙasar Sin, waɗanda ke da rumfuna wajen 3,000, saboda maguɗin shaida. Amma fa sau da yawa kwamfuta ce ke yanke hukuncin farko, kuma abokin gasa na iya shigar da ƙarar ƙarya. Wanda abin ya faɗa wa, wurin wanda ya rufe shi zai ɗaukaka ƙara, kayansa kuma suna cikin siton wanda ya rufe shi. Falken Sabo in mai gidansa ya cuce shi yana iya kai kuka ga sarkin unguwa, baɗi kuma ya sauka wani gida, domin masu gida da yawa ne kuma kowa yana tsoron ɓacin sunansa. Ɗan kirin da mafi yawan masu sayen hajarsa ke kasuwa ɗaya, ina zai koma?

Abin da hukumomi suka yi

Wannan sashe na ma'aikatan hukuma ne musamman. A 2019 hukumar hana babakere ta Jamus ta sa Amazon ya yarda zai riƙa ba da sanarwar kwana 30 kafin ya sallami ɗan kasuwa, kuma in an rufe shi nan take saboda zargin laifi sai an faɗa masa dalili. A wannan shekara ce Indiya ta fara aiki da ƙa'idar da ta hana kasuwar intanet mai jarin waje sayar da kayan kamfanin da take da hannun jari a cikinsa, watau ta raba dillali da mai haja. A watan Disamba na 2022 Hukumar Tarayyar Turai ta karɓi alkawarin Amazon cewa ba zai yi amfani da bayanan sirri na 'yan kasuwa wajen nasa ciniki ba, kuma zai daidaita kowa wajen zaɓen mai shiga akwatin saye. A watan Satumba na 2023 kuma Hukumar Ciniki ta Tarayyar Amurka tare da jihohi 17 suka kai kamfanin ƙara, suna zargin yana hukunta wanda ya sayar da araha a wani wuri ta hanyar cire shi daga akwatin, kuma yana tura mutane dole cikin tsarinsa na dako. Kamfanin ya musa zargin, yana cewa tsarinsa ya sauƙaƙa farashi ya kuma buɗe wa ƙananan 'yan kasuwa hanya.

Su kansu 'yan kiri sun gwada ƙarfinsu a wata kasuwar. A watan Afrilu na 2022 kamfanin Etsy, inda masu sana'ar hannu ke sayarwa, ya ɗaga la'ada daga kashi 5 zuwa 6.5. Dubban masu rumfa suka yi yajin mako guda, amma ba a janye ƙarin ba. Mutanen da ke warwatse a ƙasashe, ba su taɓa ganin juna ba, da wuya su haɗa kai kamar yadda 'yan layi ɗaya ke yi a kasuwar Kurmi.

A nan gida

A Nijeriya, Jumia da Konga duka a 2012 aka kafa su a Legas, kuma sun bi wannan tafarki na ba 'yan kasuwa rumfa a ci la'ada. Amma matsalar amana a nan ta fi tsanani, shi ya sa aka shigo da tsarin biya in kaya sun iso. Wannan ya kwantar da hankalin mai saye, ya kuwa ɗora wa mai sayarwa nauyi, domin ana iya kai kaya har ƙofa mutum ya ce ya fasa. Har ila yau kasuwar kanta tana iya tashi. A 2019 Jumia ya rufe harkarsa a Kamaru da Tanzaniya, a 2024 kuma ya fita daga Afirka ta Kudu da Tunisiya. Duk wanda cinikinsa ya rataya a kan rumfarsa ta can, ya wayi gari babu kasuwa.

Ga ɗalibin da ke shirin shiga wannan sana'a, shawarata ita ce ya yi lissafin kowace haja har da mayarwa kafin ya saro ta, ya adana rasit ɗin duk wanda ya sara a wurinsa domin shi ne shaidarsa ranar zargi, ya kuma tanadi jarin da zai riƙe shi kafin a biya shi. Ya yi rajistar tambarinsa in yana da nasa kaya. Fiye da kome, ya ɗauki babbar kasuwa a matsayin ƙofa ɗaya cikin ƙofofinsa, ya riƙe kantinsa ko nasa shafin inda masu saye za su san shi da sunansa.

Ga ma'aikatan hukuma kuwa, ƙasar nan tana da dokar gasa da kare masu saye wadda aka sa wa hannu a 2019, da hukumar da ke zartar da ita. Tambayoyin da ya kamata a yi wa kowace babbar kasuwa su ne waɗanda wasu ƙasashe suka riga suka yi. Kwana nawa ake ba ɗan kasuwa kafin a sake sharuɗɗa ko a rufe shi? Ana faɗa masa dalili? Akwai wani na waje da zai kai wa kuka? Har yaushe ake riƙe kuɗinsa? Me ake yi da sirrin cinikinsa?

Kammalawa

Mun ga cewa babbar kasuwar intanet ta ba ɗan kiri jama'a da amana da dako waɗanda da ba zai taɓa samu shi kaɗai ba, kuma mun ga farashin abin, a kuɗi da kuma a 'yanci. Kakanninmu da suka raba aikin sarkin kasuwa da na dillali da na alƙali sun bar wa ƙaramin ɗan kasuwa wurin kai kuka. Aikin da ke gaban masu tsara doka a yau shi ne su nemo yadda za a mayar masa da wannan wuri ba tare da an kashe kasuwar ba, kuma ina fata wasu daga cikin ɗaliban da ke zaune a nan su ne za su ɗauki wannan bincike, su fara da 'yan kasuwar garuruwanmu da suka riga suka shiga.